Kwana 28 a banki: Sharaɗin bizar karatu a Birtaniya

Dillalin shinkafa a Tudun Wada na iya mallakar rumbuna da shanu, amma a hana ɗansa bizar karatu a Birtaniya. Hukumomin ƙasar ba sa lissafa gona ko dabba. Takardar banki suke dubawa.

Wajibi ne kuɗin makaranta na shekarar farko, da na ci da masauki har na wata 9, su kwana 28 a jere cikin asusu, kada su gaza adadin ko na yini guda. Nan 'yan kasuwa ke tuntuɓe, domin jari ba ya son zama. Ana karɓar asusun ɗalibi ko na iyayensa, ban da na kawu. Da farashin ranar neman biza ake juya naira zuwa fam, saboda haka faɗuwar naira kaɗai na iya sa kuɗin su gaza.