Wa Ke Duba Katin Kwamfuta Kafin Kuɗin Albasa Su Iso Galmi?

Idan kakar albasa ta kama, tireloli ke tashi daga Galmi da Tsarnawa su nufi Abijan da Akara da Lome. Kuɗin kuwa ba a mota suke dawowa ba. Dillali zai zuba su a reshen kamfanin aika kuɗi a can, kafin ya gama shan shayi salular manomi a Tajaye ta yi ƙara. Haka 'yan bida na Adar ke aiko da na cefane da na Sallah. NITA, Al Izza, Amana, Airtel Money da Moov Money sun shiga rayuwar mutanen Ƙwanni da Malbaza da Illela har ba a tuna lokacin da ake damƙa wa direba kuɗi a ƙulle cikin tsumma.

Abin da kowa ke gani shi ne ma'aikaci ya karɓi katin ɗan ƙasa, ya dubi hoto, ya dubi fuska, sannan ya ƙirga. Amma duk lokacin da kuɗi za su ƙetare daga banki zuwa salula, ko daga wannan kamfani zuwa wancan, akwai wata magana da ake yi babu mutum a ciki. Manhajar wani gida ce ke kiran manhajar wani ta intanet, ta ce: "Zuba jaka ɗari biyar a lamba kaza." Ƙofar da ake irin wannan kira ita ce masana ke ce wa API. To, ita mai kiran, wa ya duba nata katin?

Tsaron da aka fi sani shi ne TLS, wanda ke bayan harafin "s" na https. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da asalinsa a 1995 da sunan SSL, babban masanin kamfanin a lokacin kuwa ɗan Masar ne, Taher Elgamal. A 1999 aka sake masa suna, sabon zubin da ake amfani da shi yau, TLS 1.3, ya fito a 2018. Yana rufe magana yadda mai laɓe a hanya ba zai fahimta ba, yana kuma sa kwamfutar da aka kira ta nuna takardar shaidarta. Sai dai a yadda aka saba, shaidar gefe ɗaya ce. Mai gida ya nuna kansa, baƙo kuwa ya shigo da kalmar sirri kawai.

Kalmar sirri tana da wani aibi da ba ya gyaruwa: sai an faɗe ta take aiki. Duk kira sai an aika ta. Kuma mun san halinmu. Injiniya zai tura wa abokin aikinsa ita ta WhatsApp don yana sauri, wani ya manta da ita a cikin rubutun manhaja, wani ya bar aiki ya tafi da ita a kansa. Wanda duk ya tsince ta ya zama kamfanin.

Maganin da aka samo shi ne a ce kowa ya nuna tasa shaidar, abin da ake kira mTLS. Ga yadda ake yi. Kwamfutar mai kira za ta ƙirƙiri mabuɗi biyu da lissafi ya haɗa su, dabarar da ta samo asali daga aikin Diffie da Hellman na 1976. Ɗaya na sirri ne, ba ya barin cikinta ko sau ɗaya. Ɗayan na fili ne, shi ake kai wa hukumar bayar da shaida tare da sunan kamfanin. Hukumar ta bincika, ta sa hannu, ta mayar da takarda mai tsarin X.509, tsarin da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar tun 1988. A jikinta akwai sunan mai ita, mabuɗinsa na fili, wanda ya sa hannu, ranar fara aiki da ranar mutuwa. Ɗan kasuwar da ya taɓa sauka baƙon gari ya san wannan. Ba a ba shi kaya bashi don ya iya rantsuwa, sai an ji wane fatoma ne ya tsaya masa.

Wurin da abin ya fi burge ni shi ne gaisuwar farko. Mai amsawa ya nuna takardarsa, sannan ya ce: kawo taka. Mai kira ya miƙa. Amma takarda ba sirri ba ce, kowa na iya kwafar ta, don haka ba ta isa ba. Dole mai kira ya ɗauki duk abin da suka faɗa wa juna tun buɗe wannan gaisuwa ya sa masa hannu da mabuɗin sirri. Mai amsawa ya gwada sa hannun da mabuɗin filin da ke jikin takardar. In ya dace, ya tabbata mai mabuɗin ne ke magana, kuma yanzu yake magana, ba tsohon saƙo aka naɗo aka sake kunnawa ba. In bai dace ba, ko takardar ta mutu, ko ba a san wanda ya sa mata hannu ba, sai a katse layi tun ba a ji abin da ya kawo shi ba. Mabuɗin sirrin dai bai taka hanya ba balle a tsince shi.

Ƙasashen Turai sun ɗora wa bankunansu amfani da takardun shaida tun 2019, lokacin da dokar PSD2 ta tilasta musu buɗe ƙofofinsu ga ƙananan kamfanonin kuɗi. Tsarin Pix na Brazil, wanda ya fara a Nuwamba 2020, da mTLS yake aiki. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da ƙa'idar RFC 8705, wadda ke ɗaure izinin shiga da takardar wanda aka ba, ta yadda ko an sace izinin ba zai yi wa ɓarawo amfani ba. A yankinmu, dokar UEMOA mai lamba 15 ta 2002 ta amince da sa hannu na na'ura, kuma a ƙarshen Satumba 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da dandalin PI-SPI don kuɗi su riƙa wucewa nan take tsakanin bankuna da kamfanonin salula da asusun bashi. Ƙofofi za su yawaita ke nan, masu ƙwanƙwasawa ma haka.

A ganina lissafin ba shi ne matsala ba, an gama da shi. Matsalar riƙo ce. Takarda tana mutuwa ranar da aka rubuta a jikinta, ba ta jiran kowa. A ranar 6 ga Disamba 2018 wata takardar shaida ta mutu a cikin manhajar kamfanin Ericsson, sama da mutum miliyan 30 a Birtaniya suka wuni babu intanet a salula. In hakan ta faru ga manya, ina ga ƙaramin asusu mai injiniya ɗaya? Akwai kuma tamu ta gida. Kwamfuta da agogonta take sanin ko takarda tana da rai. Inda kuran ke yawan ɗaukewa, ƙaramin batirin agogo kuma ya mutu, na'ura kan farka tana zaton shekarun baya ne, ta ƙi karɓar takarda lafiyayya. Ranar Laraba, kasuwar Ƙwanni na ci, mutane sun yi layi, ma'aikaci na cewa "babu reso", alhali batirin da bai kai jaka guda ba ne ya tsayar da su.

Kada kuma a ɗauka takarda na shaidar niyya. Na'ura kawai take shaida. A Fabrairu 2016 ɓarayi sun shiga cikin kwamfutocin babban bankin Bangladesh, suka aika umarni daga can, dala miliyan 81 suka fita daga ajiyarsa ta New York zuwa Filifin. Saƙonnin sun zo da shaida sahihiya domin daga gidan suka fito. Don kare mabuɗin sirri daga sata kuwa, manyan bankuna kan ajiye shi a cikin wata na'ura ta musamman da ke sa hannu amma ba ta yarda a kwafe shi.

Sai batun wanda ke sa hannu. Let's Encrypt, mai bayar da takardu kyauta, ya sanar a 2025 cewa daga 2026 takardunsa ba za su ƙara yin aikin shaidar mai kira ba. Masu wannan aiki sai su kafa tasu hukumar ko su shiga ƙarƙashin ta wani. Wanda ke da ikon sa hannu kuwa shi ke da ikon sokewa. Mutanen Ƙwanni da suka ga an rufe iyaka da Illelar Sakkwato, an yanke wuta, kuɗi sun yi wuya a bankuna bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan muhimmancin sanin a hannun wa irin wannan iko yake.

Ga shugabannin kamfanonin aika kuɗi da asusun manoma na jihar Tawa: kafin ku sa hannu kan kwangilar haɗa manhajarku da ta wani, ku sa a nuna muku inda mabuɗin sirri zai zauna da sunan mai kula da shi, ku kuma rubuta ranar mutuwar takardar a kalandar bango inda kowa zai gani. Jami'ar Tawa ma ta sa wannan darasi cikin abin da take koya wa ɗaliban kwamfuta, domin su ne za su riƙe waɗannan mabuɗai.