Gaisuwa da Abin da ke Bayanta

Wadda ke gaban murhu sannu da hayaƙi, mai goyo sannu da fama, mai saƙar hula ko sussukar masara Allah ya sa albarka. Yau zancenmu a kan magana ne, wato yadda addinin mutum da tarbiyyar gidansu da irin kallon da yake yi wa duniya suke fitowa a bakinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Na raka wata ƙanwata awon ciki a wani asibiti a nan ƙasar Funtua. Cikin fari ne. Kwana uku tana fama da ciwon kai, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Malamar asibitin 'yar Kudu ce, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta ce mata, "Yaya jiki?" Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Ta ce, "Yaya sunan mijinki?" Shiru. Ta sake tambaya, shiru. Sai na ga ran malamar ya fara ɓaci, tana ganin raini ne. Ita kuwa yarinyar a ranta ladabi take yi. Da na sa baki na faɗi abin da ke damunta, aka auna jininta, aka tarar ya hau sosai, aka ba ta gado nan take. Allah ya sa ta sauka lafiya. Kun ga su biyun nan babu mai mugun nufi a cikinsu, kuma Hausa ɗaya suke yi. Amma kowacce da gidan da ta fito, kuma saura ƙiris wannan bambanci ya ci rai biyu.

To, me ya sa Bahaushiya take cewa "da sauƙi" ko da ciwo ya kai ta ƙasa? Saboda an raine mu a kan cewa lafiya da ciwo duk daga Allah suke, kuma yawan ƙorafi kamar rashin godiya ne. Shi ya sa in an ce "ina kwana" sai mu ce "lafiya lau", in an ce "ina gajiya" mu ce "ba gajiya", in an ce "ina labari" mu ce "sai alheri". Wannan amsa addu'a ce da kyakkyawan zato. Sai an gama gaisuwa an zauna an sha ruwa, sannan ainihin labari yake fitowa. Wanda ya tashi a cikinmu ya san ya jira. Baƙo kuwa yakan ɗauki amsar farko ya tafi da ita.

Wani Bature masanin tarihi, Murray Last, wanda ya rubuta littafi a kan Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, yana nazarin yadda mutane suke fama da ciwo da neman magani. Cikin abin da ya lura da shi har da yadda mutanenmu ba su cika son tona sunan ciwo ko dalilinsa ba, sau da yawa sai a ce "ban sani ba" a wuce wurin. Ya nuna cewa wannan "ban sani ba" ɗin ita ma al'ada ce mai tushe. Mu mun san haka tun a ɗakin iyayenmu, inda ake kiran wasu cututtuka da sunan sakaye don kada a ambace su.

Haka kunya take. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce "maigidan" ko "malam" ko "shi". Ba ta kiran sunan ɗan fari. In an sa wa yaro sunan suruki, sai ya koma Abba ko Baba, yarinya ta koma Ummi ko Mama. Mai cikin fari takan ɓoye shi, mai naƙuda takan danne kuka. Kunya ado ce, kuma addininmu ya yabe ta. Amma 'yar uwa, ki bambance wuri. A gaban suruka ki yi alkunyarki. A gaban mai duba lafiyarki kuwa, bayan kin ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ki ɗora da cewa "amma kaina na ciwo, ina ganin jiri, na ga jini". Kin yi godiya ga Allah, kin kuma faɗi gaskiya, babu wanda ya ture wani. In sunan maigida ya yi miki nauyi, ki tafi da wadda za ta faɗa, ko a rubuta miki a takarda tun daga gida.

Yanzu mu duba yadda addini ya shiga harshenmu har ya zama kamar gishiri a miya. Kwanakin mako da muke kira Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a da Asabar, duk daga Larabci suka zo tare da Musulunci. Daga cikinsu muka sami Ladi da Tani da Talatu da Balaraba da Lami da Jummai da Asabe. Lokacin yini ma da salla muke auna shi. Ba ma cewa ƙarfe huɗu, sai mu ce "bayan la'asar". Watanni kuma mun ba su sunayen gida: watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, watan Azumi, watan ƙaramar Salla. Ba ma yanke alkawarin gobe sai mun ce "in Allah ya kai mu". Wanda bai san mu ba yakan ɗauka zille wa alkawari muke yi, alhali abin da muke nufi shi ne gobe ba a hannunmu take ba.

Sai dai kada mu ɗauka Hausa ta gida ɗaya ce. A wannan yanki namu, daga Funtua zuwa Bakori, Ƙafur, Malumfashi da Ƙanƙara, akwai Hausawa Musulmi, su ne mafiya yawa. Akwai Maguzawa, Hausawan asali da suka daɗe suna bin al'adun kakanni, waɗanda aka bar su a kan addininsu suna biyan haraji ko bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya iso ƙasar Katsina. Yau da yawansu sun musulunta, wasu kuma sun shiga Kiristanci. Tsofaffinmu sun san matansu da ƙwazon noma da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Akwai kuma Hausawa Kirista, masu majami'unsu a Malumfashi da ƙauyukan Ƙafur. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, kuma da sunan Allah suke kiran Ubangiji kamar yadda muke yi. A 2023 da cocin Katolika ta ba Katsina yankinta na kanta, ɗan ƙasar Malumfashi ne, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop na farko. To kin ga wadda ke kawo miki itace ko dawa har tsakar gida, tana iya kasancewa Ladi ce ko Talatu kamar ke, tana cewa "Allah ya kiyaye" kamar ke, amma ranar ibadarta daban.

Funtua kuma gari ne na baƙi tun wajen ƙarshen shekarun 1920, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa ta zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, cinikin auduga ya buɗe. Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu suka zo suka zauna, har suka haifi jikoki a nan. Kowa da yadda yake nuna girmamawa. Bayarabe namiji yakan kwanta rub da ciki ya gai da babba, macen kuma ta durƙusa. A wurin Ibo goro abin girma ne, maigida ke fito da shi, a yi masa addu'a kafin a fasa. Mu kuwa goro wasiƙa ce. In aka aiko miki da shi kin san an gayyace ki suna ko ɗaurin aure. Waɗanda Allah ya nufa da zuwa aikin Hajji sun ga Larabawa suna rungumar juna suna sumbatar kumatu, maza da maza, mata da mata. A Indiya haɗa tafin hannu ake yi a ƙirji, a Japan kuma sunkuyawa. A Turai da Amurka in yaro bai kalli idon babba ba sai a ce yana ɓoye wani abu, a nan kuwa in ya kafa wa babba ido sai mu ce ba shi da kunya.

Ko a tsakaninmu Musulmi ma fahimta ta sauya yadda ake gaisuwa. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa sun bar durƙuso, suna ganin sallama da musafaha sun wadatar. Wasu gidajen kuma har gobe amarya ba ta gai da suruka a tsaye. Aure nawa ya girgiza a kan wannan? Amarya ta shigo da tarbiyyar gidansu ta gaishe da uwar miji daga zaune ko daga tsaye, ita kuwa tsohuwa ta ce an kawo mata marar kunya. Da an zaunar da su tun farko an yi wa kowacce bayanin ɗayar, da ba a kai ga yaji ba. Uwa, kafin ki kai 'yarki ɗakin miji, ki bincika yadda ake gaisuwa a gidan kamar yadda kike bincika sana'ar mijin.

Wata za ta ce, "Ni da nake cikin kulle, ina ruwana da baƙin al'adu?" Ai 'yar uwa, ke ce kika fi kowa ruwa. Namiji a zaure yake tsayawa, amma mace kowace iri ce har tsakar gida take shigowa. Mai nono tana shigowa, mai itace tana shigowa, ungozoma da masu allurar rigakafi da dillaliya duk wurinki suke zuwa. Sannan duk kalmar da kika furta a gindin murhu, yaranki ne ke fita da ita, a farantin talla ko a jakar makaranta. In yaro ya ji kina kiran maƙwabciya "arniya", gobe zai jefi ɗanta da ita a bakin rijiya. Maƙwabciyarki Kirista tana jin zafin kalmar nan ƙwarai, don ita a wurinta tana da littafi tana da ibada. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ki kira ta da sunanta ko sunan ɗanta, Maman wane, babu abin da ya ragu a addininki.

Wannan ya ƙara nauyi saboda halin da yankinmu ya shiga. Ba mu manta Disambar 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Ƙauyuka da yawa a Faskari, Sabuwa da Ɗandume sun ga tashin hankali, kuma akwai masu saurarena da suka rasa nasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A irin wannan zafi ne baki yake saurin haɗa kowa a kwando ɗaya. Sai ki ji an ce "ai duk halinsu ɗaya". Bafillatanar da ta shekara ashirin tana kawo miki nono, ita ma wataƙila an kore mata shanu, an raba ta da rugarta. In kin ba ta abinci ta ce ta ƙoshi, kada ki ce girman kai ne ko ƙyama. Fulani suna da tasu kunyar, har ta fi tamu tsanani, ba sa son a ga yunwarsu. Ki zuba mata a kwano ki rufe ki ce ta kai wa yara. Za ta karɓa, mutuncinta kuma bai zube ba.

Wajen ta'aziyya ma haka. In Musulmi ya rasu mun san abin da muke faɗa. In kuwa maƙwabciyar da ba Musulma ba ce aka yi wa rashi, wasu sukan rasa ta cewa, sai su ƙi aikawa gaba ɗaya, ita kuwa ta riƙe abin a ranta har abada. Alhali Hausa ta ba mu kalmomin da kowa ke karɓa: "Sannu da rashi. Yaya haƙuri? Allah ya ba ku dangana, ya raya abin da aka bari." In ba za ki iya fita ba, ki nemi izinin maigida ki aika babbar 'yarki ko wata tsohuwa da ɗan hatsi. Haƙƙin maƙwabci malamanmu kullum suna nanata shi, kuma ba su ce sai maƙwabci Musulmi kaɗai ba.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kowa tana yi masa magana da harshen da zai gane. Da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, sai ta zaɓi dattijai mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta suna ɗauko karatu a waƙe suna kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Ta san matan nan da waƙa suke daka da niƙa, sai ta bi da karatun ta hanyar da kunnensu ya saba.

Saboda haka ga ɗan aikin da zan bar mana a wannan mako. In wata ta yi miki abin da ya yi kama da raini, kafin ki yi fushi ki tambayi kanki, shin a gidansu me wannan yake nufi? In ba ki sani ba ki tambaye ta cikin raha, mutane suna jin daɗi a tambaye su al'adarsu. Ki kuma saurari kalmomin da yaranki suke kiran mutane da su, don daga bakinki ko na gidanki suka ɗauko. Mai ciki kuma, don Allah, in kin je awo ki faɗi duk abin da kike ji.

Nan za mu dakata. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu da gonakinmu, ya sauki masu ciki lafiya, ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum warahmatullah.