'Yan X-Men Jiya Da Yau: Wane Zamani Ya Fi Kama Da Zango?

Duk wanda ya tashi a Zangouettin kafin a rushe ta, ya san masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da kasuwar Rood-Woko. A wurinsu muke sayen Strange da Spécial Strange, mujallun labarin zane da kamfanin Lug na Faransa ke fassarowa daga Amurka, a cikinsu kuma muka san ƙungiyar jarumai ta X-Men. Kwanan baya gardama ta kaure a wurin shayi tsakaninmu da matasa kan wane zamanin ƙungiyar ne ya fi. To, jama'a, ga nawa ra'ayin.

Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro ta a 1963. Labarin wasu mutane ne da aka haifa da baiwa ta daban, saboda haka jama'a ke tsoronsu tana ƙyamarsu. Malam Xavier ya tara biyar daga cikinsu a makarantarsa, dukkansu Turawan Amurka, yana koya musu su ɓoye kamanninsu, su yi wa jama'a aikin alheri ko a karɓe su. Wannan zamani bai yi kasuwa ba, domin a 1970 aka daina buga sababbin labarai.

A 1975 Len Wein da Dave Cockrum suka ta da ƙungiyar da baƙi daga ko'ina. Akwai Colossus ɗan manoma daga Tarayyar Sobiyet, da Diablo daga Jamus, da Wolverine daga Kanada, wanda muka sani da sunan Serval. Sai Tornade, 'yar wata Bakenya, wadda ta tashi marainiya a titunan Alƙahira, ta kuma zama shugabar ƙungiyar a 1980. Chris Claremont ya riƙe alƙalamin labarin shekara 16, har zuwa 1991. A hannunsa ne Magneto ya tashi daga mugu kawai, aka bayyana a 1981 cewa ya sha azabar sansanin Auschwitz yana yaro, shi ya sa bai yarda alheri kaɗai zai kare marasa rinjaye ba. A 1988 kuma aka kawo tsibirin Genosha inda ake bautar da masu baiwa, kowa ya gane da wariyar Afirka ta Kudu ake.

Zamanin 1991 na mai zane Jim Lee shi ya fi ciniki, domin fitowar farko an sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Zane ya yi kyau ƙwarai, amma damtse da bindiga sun fi magana yawa.

Matasanmu kuwa zamanin Krakoa suke so, wanda Jonathan Hickman ya buɗe a 2019. A nan masu baiwa sun gaji da roƙo, suka koma tsibirinsu, suka kafa ƙasa da harshe da dokokin kansu, har Xavier da Magneto suka zauna majalisa ɗaya. Na fahimci abin da ya ja hankalin yaranmu. Wanda aka sha tambaya daga ina ya zo, alhali kakansa a Wagadugu aka binne shi, dole ya yi sha'awar wurin da babu mai tambayarsa. Amma abokan gaba sun auka wa Krakoa a 2023, a 2024 aka rufe babinta.

Mu ma mun ga irin wannan. A 2003 aikin ZACA ya share Zangouettin tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, aka watsa mutane zuwa gefen Ouaga 2000 da Nioko. Da a ce katanga ce Zango, da tuni an manta da mu.

Shi ya sa na zaɓi zamanin 1975. Zango tun asali masaukin fatake ne, inda Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Babarbare ke zama tare, suna ciniki da Mosawa, suna auratayya da su, ba tare da kowa ya jefar da harshensa ba. Haka ƙungiyar Claremont take: Diablo na sako Jamusanci a magana, Colossus na kewar gonarsu, suna faɗa suna shiryawa, kuma ba su bar cikin jama'a ba. Ba su ɓuya kamar na farko ba, ba su ƙaura kamar na ƙarshe ba.

Ina kira ga iyaye, idan kun ga yaro da irin wannan littafi kada ku yi saurin ƙwacewa. Ku sa shi ya ba ku labarin da Hausa. Ya ƙaru da Faransanci, ya riƙe harshen gida, ku kuma ku samu ƙofar ba shi labarin Zango. Allah Ya sa mu dace, amin.