Bom Ɗin Da Ya Ƙare Yaƙi: Daidai Ne Ko Kuskure?

A kwanakin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe garin Jahun, muna cikin aji sai wani yaro ya tambaye mu daga ina wannan ƙura ta ke zuwa. Muka ce daga hamadar Sahara. Amsar nan ta tuna mana da wani abu da ya kamata iyaye su sani, su kuma gaya wa 'ya'yansu.

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bom ɗin atom nata na fari a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi ƙwarai, gama suna tsoron kada iskar hunturu ta kwaso musu gubar. Da aka yi gwaji na uku a Disamba, sai gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairu, 1961. Ashe maganar wannan makami ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Sau biyu aka taɓa jefa shi a kan mutane. Ran 6 ga Agusta, 1945, Amurka ta jefa ɗaya a Hiroshima ta ƙasar Japan, ran 9 kuma ta jefa na biyu a Nagasaki. Kafin shekarar ta ƙare mutum wajen 140,000 sun mutu a Hiroshima, wajen 70,000 a Nagasaki. Ran 15 ga wata Sarkin Japan ya sanar da jama'arsa cewa sun ba da gari.

Masu goyon bayan Shugaba Truman suna da hujjarsu, bai kamata mu raina ta ba. A tsibirin Okinawa kaɗai sojan Amurka fiye da 12,000 suka mutu, farar hula kuwa dubbai masu yawa. Suka ce in aka shiga ƙasar Japan da ƙafa, jinin da za a zubar zai fi na bom yawa. Mu ma muna da rabo a ciki. Samari da yawa daga ƙasar Hausa suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Burma. Uwar da ɗanta ya komo gida a 1946, wa zai ce mata kada ta yi murna da ƙarewar yaƙi?

Amma akwai ɗaya gefen. Waɗansu masana tarihi sun ce Japan ta riga ta galabaita, kuma shigar Rasha cikin yaƙin ran 8 ga Agusta ita ma ta karya mata gwiwa. Ban da wannan, yawancin waɗanda suka mutu ba soja ba ne: mata ne, da tsofaffi, da 'yan makaranta. Bom ɗin Nagasaki ya fashe a kan Urakami, unguwar Kirista waɗanda kakanninsu suka riƙe bangaskiya a ɓoye shekara fiye da 200 cikin tsanani. Babbar majami'arsu ta rushe, wajen 8,500 daga cikinsu suka hallaka. Waɗanda suka tsira kuwa, ciwon daji ya bi waɗansunsu shekara da shekaru.

To, me Littafi Mai Tsarki ya ke koya mana? Ibrahim ya roƙi Ubangiji kada a hallaka mai adalci tare da mugu (Farawa 18). Allah ya tsauta wa Yunusa don ya so a shafe Nineba, birnin maƙiya, mai mutum fiye da 120,000 da dabbobi (Yunusa 4). Manzo Bulus kuma ya ƙi koyarwar aikata mugunta don alheri ya fito (Romawa 3:8). Saboda haka, a ganinmu, ko da lissafin Truman ya yi daidai, ran yaro ba kuɗi ba ne da za a biya bashin shugabanni da shi. Hukuma tana da ikon kāre jama'arta, amma makamin da ba ya bambanta soja da jariri ya wuce iyaka. Ba banza Hausawa suka sa masa suna makamin ƙare-dangi ba.

Muna godiya ga Allah da ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar haramta wannan makami ran 6 ga Agusta, 2020, daidai shekara 75 bayan Hiroshima. Duk da haka ƙasashe tara suna riƙe da shi.

Mu ba mu da bom a Jahun. Amma tunanin da ke bayansa yana iya shiga kowane gida: "Mu gama da su duka, mu huta." In shanu sun ci gona, ko faɗa ya tashi a kasuwa, aka ce a ƙone unguwa saboda laifin mutum ɗaya, wannan tunani ne. Mu kula da abin da 'ya'yanmu ke ji daga bakinmu game da maƙwabtanmu Musulmi da Fulani. A addu'ar iyali ta daren yau, mu karanta Ishaya 2:4, mu roƙi Sarkin Salama ya ba shugabannin duniya tsoron Allah, mu kuma ya ba mu zuciyar gafara.