Kabo Air: jirgin da ya kai kakanninku Makka

In kai ɗan Birnin Kudu ne ko Gwaram, ka ɗan ajiye waya ka tambayi Alhaji ko Hajiyar gidanku: "Wane jirgi ne ya kai ku aikin hajji?" Da wuya ba ka ji an ce Kabo ba.

Kabo Air kamfanin Kano ne. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa shi a 1980, ya fara tashi a 1981. Sunan ma na garin Kabo ne. Lokacin babu wata jiha wai ita Jigawa, sai a 1991 aka cire ta daga Kano. Don haka maniyyaci daga Gwaram sai ya biyo ta Birnin Kudu, ya miƙe titin Kano, ya tare a sansanin alhazai. Wani ya yi kwanaki yana jiran tashi, 'yan rakiya na kwana a tabarma. Ba WhatsApp balle a turo maka "mun sauka lafiya". Sai dai gida a kasa kunne a rediyo.

Da farko Kabo na jigilar fasinja a cikin gida, Kano zuwa Legas da sauran birane. A 2001 ya bar wannan layin, ya rungumi jigilar alhazai da haya zuwa ƙasashen waje da manyan jirage ƙirar Boeing 747. Shekara guda bayan haka Ɗankabo ya rasu.

A ganina nan ne gizo ya yi saƙa. Hajji sau ɗaya ake yi a shekara, amma albashin matuƙa da gyaran tsofaffin jirage ba sa jiran watan Zulhajji. Ga kuma sababbin hannu irin su Max Air sun shigo suna raba kujerun maniyyata da shi. A hankali jiragen suka daina tashi. A 2017 hukumar tara haraji ta tarayya ta rufe ofisoshin kamfanin saboda bashin haraji.

Yau alhazan Jigawa daga Dutse suke tashi, a filin jirgin da gwamnatin Sule Lamido, ɗan Bamaina ta nan Birnin Kudu, ta gina aka buɗe a 2014. Kwanan Kano ya zama labari.

Masu labarin kuwa tsufa suke yi. In Hajiya ta fara ba ka nata yau da dare, ka ɗauko wayar nan ka danna rikodin.