Inshorar Mota: Mu San Abin da Muke Biya wa Kuɗi

Kusan babu gida a zangunanmu da ba ya cin abinci ta hanyar mota. Daga Nima da Mamobi a Ankara, zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, har Tamale da Bawku, wani direban tasi ne, wani na tirotiro, wani kuwa shi ke da gingimarin da ke ɗauko albasa daga Nijar. Kowace shekara muna biyan kuɗin inshora, a ba mu sitika mu manna a gilashi, mu jefa takardar a aljihun mota. Da yawanmu mun ɗauka amfaninta ɗaya ne, wato ɗan sanda ya gani ya ce mu wuce. Alhali kuwa takardar nan yarjejeniya ce tsakaninmu da kamfani, kuma ranar da tsautsayi ya auku, abin da aka rubuta a cikinta shi za a bi, ba abin da muka zata ba. Saboda haka a wannan wata muka ga ya kamata mu warware kalmomin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Abin da doka ta ce

Tun shekarar 1958, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai, Gana ta kafa dokar da ta hana kowa ɗora mota a kan titi sai yana da inshorar da za ta biya mutanen da motar ta yi wa lahani. Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora ita ce NIC, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ita ce ta shekarar 2021. Dalilin tilasta wa mutane ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2023 kaɗai, fiye da mutum 2,000 suka rasu a hanyoyin ƙasar nan. Ba mu manta da watan Maris na 2019 ba, lokacin da manyan motocin fasinja biyu suka yi karo kusa da Kintampo, fiye da mutum 50 suka riga mu gidan gaskiya. Wane mai mota ne zai iya ɗaukar nauyin marayu da kuɗin asibitin mutane masu yawa haka daga aljihunsa? Ko ya sayar da gida da fili ba zai iya ba. Shi ya sa ake tara kuɗin masu motoci wuri guda, wanda abin ya faɗa wa a biya a madadinsa.

Iri uku ne

Na farko shi ne wanda muke kira tad-fati, wato inshorar mutum na uku. Lissafin kuwa haka yake: kai mai mota kai ne na farko, kamfani na biyu, duk wanda motarka ta taɓa shi ne na uku, ko mai tafiya a ƙasa, ko fasinja, ko mai wata motar, ko mai shagon da ka faɗa wa. Wannan shi ne mafi araha, shi ne doka ta tilasta, shi kuma yawancinmu muke saye. Amma a lura da kyau: ba ya gyara motarka. In ka buge wani kuma laifinka ne, kamfani zai biya wancan, kai kuwa ka nufi Suame Magajin ko Abossey Okai da kuɗin aljihunka. In kuwa wani ne ya buge ka, to kamfaninsa za ka nema, don a nan kai ne mutum na uku.

Akwai kuma wani bambanci a cikin tad-fati ɗin kansa. Abin da ya shafi rai da rauni ba a yanka masa iyaka ba. Amma ɓarnar dukiya tana da iyaka, an rubuta ta a takarda, kuma ba ta da yawa. In ka murƙushe ƙofar sabuwar motar wani, kuɗin gyaran ya wuce wannan iyaka, ragowar a wuyanka take. Ana iya ƙara ɗan kuɗi tun farko a ɗaga iyakar, kuma masu manyan motoci su suka fi bukatar yin haka.

Na biyu shi ne tad-fati tare da gobara da sata. Duk abin da na farko ya ɗauka shi ma ya ɗauka, sa'an nan in motar ta kama wuta ko an sace ta, za a biya ka. Amma in karo ta yi, nan ma gyaran naka ne.

Na uku shi ne kwamfirihensif, wato cikakkiyar inshora. Ita ce ke haɗa duka, har da gyaran motarka ko da kai ne da laifi. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, domin ana lissafa kuɗinta bisa darajar motar. Wanda ya ci bashin banki ya sayi mota, galibi ita bankin zai ce ya yi. Haka ma mai motar da ya ba direba a kan tsarin yi-aiki-ka-biya ya kamata ya yi tunaninta, domin in motar ta mutu kafin a gama biya, shi da direban duka sun yi asara, ga zumunci ya ɓaci.

Kalmomin da ke cikin takarda

Firimiyom shi ne kuɗin da kake biya, galibi na shekara guda. Tun shekarar 2014 ƙa'idar ita ce, in ba a biya ba babu inshora. Zancen “rubuta mini, zan kawo ƙarshen wata” ya wuce.

Darajar da aka yi wa mota ita ce iyakar abin da kamfani zai biya a kanta. Nan ne wasunmu ke yin wayon da ke komawa kansu. A ce motarka ta kai sidi 100,000, ka ce a rubuta 60,000 don firimiyom ya sauka. Ranar da ta yi ɓarnar 20,000, kamfani na iya cewa kashi 60 cikin 100 na motar kaɗai ka ba shi amana, saboda haka 12,000 zai biya. Tun da farashin motoci da kayan gyara na tashi, a sake duba darajar duk lokacin sabuntawa.

Ekses shi ne kason da kai za ka ɗauka daga cikin kowace ɓarna. In takarda ta ce kashi 10 cikin 100, gyara kuma ya kama sidi 10,000, kamfani zai ba da 9,000, kai ka cika 1,000. Ba cuta ba ce, sharaɗi ne da ka sa wa hannu. Wasu kamfanoni sukan yarda ka ƙara kuɗi a cire maka shi.

Rangwamen rashin neman diyya lada ne ga mai tuƙi a hankali. Duk shekarar da ta wuce ba ka nemi a biya ka ba, ana rage maka firimiyom, kuma ragin yana ƙaruwa shekara bayan shekara har ya kai wata iyaka. In za ka sauya kamfani, ka nemi shaidar wannan rangwame ka tafi da ita.

Kilem shi ne neman diyya bayan an yi hatsari. In kuma kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar, kamfani zai ce ta tashi daga aiki, ya biya ka kuɗinta, kwarangwal ɗin kuma ya zama nasa.

Abubuwan da ke hana a biya ka

Na ɗaya, amfanin da aka rubuta. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, in aka same ta tana ɗaukar fasinja don kuɗi, ko a tasha ko ta hanyar Uber da Bolt, kamfani na da hujjar ƙin gyara ta. Haka batun yake ga mai babur da ya koma aikin okada. A faɗi gaskiyar aikin abin hawa tun ranar farko.

Na biyu, lasin. Direban da ba shi da lasin DVLA, ko nasa ya ƙare, ko ajinsa bai kai motar ba, kamar mai lasin B da ya hau gingimari, ya karya sharaɗi. Wannan ya shafi al'adarmu ta miƙa wa yaron mota sitiyari ya kai ta wanki ko ya juya ta a tasha. Tafiyar minti biyar ta isa ta cinye mota.

Na uku, yawan lodi. An rubuta yawan kujerun da aka yi wa inshora. Motar mutum 15 da ta ɗauki 20 ta jawo wa mai ita rigima. Sai kuma tuƙi cikin maye, da barin takardar lafiyar mota ta ƙare. Kuma ko cikakkiyar inshora ba ta biyan tsufan inji ko tayar da ta suɗe. Kayan da aka loda, albasa ce ko doya ko shanu, ba sa cikin inshorar mota, tasu daban ake yi.

Wanda ya sayi mota a hannun wani kuma kada ya dogara da sitikar tsohon mai ita. Yarjejeniyar da sunan wancan aka yi. A je kamfani a sauya suna, ko a yi sabuwa.

Sitikar jabu

Shekaru da yawa 'yan damfara sun ci kasuwa a bakin tashoshi suna sayar da sitikar ƙarya. A farkon shekarar 2020 NIC ta buɗe rumbun kwamfuta da ake shigar da kowace inshorar mota ta gaskiya. Da wayarka, ko ƙarama ce, ka danna *920*57#, ka sa lambar motar, za a nuna maka ko tana da inshora da ranar da za ta ƙare. Mai mota ya gwada nan take a gaban wanda ya sayar masa. Fasinja ma, musamman iyayenmu mata masu fatauci zuwa Techiman da Bolga, suna iya gwadawa kafin su shiga.

Masu tsallaka iyaka

Ga waɗanda ke fita ta Aflao ko Elubo, akwai katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Kwatano a shekarar 1982. Shi ke sa a biya wanda ka yi wa lahani a wata ƙasar ba tare da an riƙe motarka wata da watanni ba. Da yake Burkina Faso da Mali da Nijar sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, direbobinmu masu bi ta Paga su sa kamfaninsu ya tabbatar musu a rubuce ƙasashen da takardarsu ta ɗauka kafin su tashi.

In abin ya auku

Allah ya kiyaye, amma in an yi hatsari, a fara da kai masu rauni asibiti. A sanar da 'yan sanda, domin rahotonsu na cikin takardun farko da kamfani zai nema. A ɗauki hoton motocin, a rubuta lambar ɗayar motar da sunan kamfaninta, a sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba. Kada a fara gyara kafin mai ƙiyasin kamfani ya gani. Mun saba da sulhu a gaban sarkin zango ko shugaban tasha, kuma sulhu alheri ne. Amma kada mai mota ya amsa laifi a rubuce ko ya yi alkawarin biya kafin ya shaida wa kamfaninsa, don hakan na iya sa kamfanin ya janye hannunsa. Iyalan wanda ya ji rauni su ma su sani cewa karɓar diyya daga kamfani ba cutar direba ba ce, don wannan ranar ya biya kuɗinsa. A adana rasidin asibiti duka.

In motar da ta buge mutum ta gudu, ko ba ta da inshora, akwai asusu na musamman a ƙarƙashin NIC da ke taimaka wa masu rauni da magadan mamaci. Wanda kuma kamfani ke ja masa rai, ya kai kuka ofishin hukumar a Ankara, Kumasi ko Tamale.

Shawararmu ta ƙarshe ga shugabannin tashoshi da matasanmu masu ilmin boko ita ce, a riƙa zama ana karanta wa iyaye da 'yan'uwa takardun nan. Kafin a biya kuɗin sabuntawa na bana, kowa ya tambayi ejan abu huɗu: wane iri ce, nawa aka rubuta darajar motar, nawa ne ekses, kuma wane aiki aka rubuta motar na yi. Allah ya tsare mu a hanya, ya maido kowa gida lafiya.