Yaron Da Ba Ya Jure Hasken Rana

A tsakiyar ƙwayar idon kowa akwai ɗan rami baƙi da haske ke shiga ta cikinsa. Wani zobe ne ke kewaye da shi, yana tsuke shi in rana ta ƙwalle, yana buɗe shi in duhu ya yi. Akwai jariran da ake haifa ba su da wannan zobe, ko kuma guntunsa kawai gare su. Likitoci na kiran larurar aniridiya, kuma ana samunta a haihuwa ɗaya cikin kimanin 50,000 zuwa 100,000.

Da yake idanun yawancinmu baƙaƙe ne, da wuya uwa ta lura da wuri. Abin da za ta gani shi ne jariri yana runtse ido yana kuka in an fito da shi rana, idanunsa kuma suna rawa. Daga nan sai tsofaffi su ce shafar aljanu ce, a shiga ɗiga masa jiƙe-jiƙe. Don Allah a daina, fatar saman idon irin wannan yaro ba ta da ƙwari. Asalin larurar tangarɗa ce a wata ƙwayar halitta mai suna PAX6. Kashi biyu cikin uku gado ne daga uwa ko uba.

Yaron da babu mai larurar cikin iyayensa ya fi buƙatar sa ido, domin wasu yara irinsa kan kamu da kansar ƙoda tun suna ƙanana. Shi ya sa likita kan ce a riƙa yi masa hoton ciki duk wata uku har ya kai shekara 8. Hawan jinin ido da yanar ido su ma kan biyo baya, kuma hawan jinin ba ya sallama, sai ya cinye gani. Zoben ba ya tsirowa, amma waɗannan biyun ana iya shawo kansu a asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

A gida, baƙin tabarau da hula mai baki sun zama kayan sawarsa, ba gayu ba ne. A faɗa wa malaminsa haka, kada ya ƙwace. A zaunar da shi gaban aji, taga a bayansa, a yi masa rubutu manya-manya. In ya kai littafi dab da hancinsa, a ƙyale shi, haka yake gani.